Tunawa da tsofaffin sojojinmu da iyalansu: tambayoyin da Hausawan Sudan ke yawan yi

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, da wuya ka sami unguwar Hausawa a Sinnar, Gadarif, Damazin ko Madani da ba a shimfiɗa tabarmar makokin wani soja ba. Kafin wannan ma akwai dattawa a gidajenmu da suka ɗauki bindiga shekaru aru-aru, suna zaune a ƙarƙashin rakuba, babu mai tambayarsu komai. Tambayoyin da ke ƙasa su ne matasa da zawarawa da 'yan'uwanmu mazauna Makka da Jidda ke yawan yi. Ra'ayina a kansu ɗaya ne: idan mutanen gida da maƙwabta ba su riƙe sunan soja da iyalinsa ba, babu wata hukuma da za ta riƙe musu.

Su wa ake nufi da tsofaffin sojoji a nan?

Sun fi yadda ake zato yawa, kuma tarihinsu ya fi tsawo. Garin Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu waɗanda suka tsira daga yaƙi ne suka kafa shi. A Burmi aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a watan Yuli 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka sauka a wannan yanki wajen 1906. Sun tarar da wasu 'yan Afirka ta Yamma da suka riga su zuwa, waɗanda a cikinsu akwai masu bin Mahadi da suka ga ranar Karari, yaƙin da Turawan Ingila suka ci rundunar Mahadiyya a kusa da Omdurman, 2 ga Satumba 1898.

Bayan su sai zamanin rundunar tsaron Sudan da Turawan Ingila suka kafa a 1925. Ita ce ta tare iyakar gabas lokacin da Italiya ta kama Kasala a Yuli 1940, aka ƙwato garin a Janairu 1941, aka wuce zuwa duwatsun Karan a Iritiriya, inda aka gwabza daga Fabrairu zuwa ƙarshen Maris na wannan shekara. A daidai lokacin sojojin Najeriya, waɗanda Hausa ce harshen barikinsu, suna tahowa daga Mogadishu zuwa Harar. Daga baya aka kai su yaƙin ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau. Wasu iyalai a nan Sudan kakansu ya yi wancan yaƙi ne da kakin Najeriya, ya sallama, ya kama hanyar hajji a ƙasa, noma ya tsayar da shi a Jazira ko Gadarif, ya yi aure, ya zauna.

Sai kuma waɗanda har yanzu muke gaisawa da su a masallaci: mutanen yaƙin Kudancin Sudan na farko da ya ƙare da yarjejeniyar Addis Ababa a 1972, da na biyu daga 1983 zuwa 2005, da na Darfur tun 2003, da waɗanda aka tura Yaman daga 2015, da samarin yau. Na haɗa har da direba, da mai dafa abinci, da ma'aikacin jinya na bariki. Harsashi bai tambaye su muƙaminsu ba.

Shin addini ya yarda a riƙa tunawa da su? Ba bidi'a ba ce?

Ya danganta da abin da aka yi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koma wurin shahidan Uhudu bayan shekara 8 da rasuwarsu, ya yi musu addu'a kamar mai ban kwana. Sahabbai sun kiyaye sunayen mutanen Badar da na Uhudu ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa har yau yaro a khalwa, wato makarantar allo, ya san Hamza da Mus'abu ɗan Umairu. Ziyarar kabari don wa'azi da addu'a, ambaton alherin mamaci, sadaka a madadinsa, sada zumunci da abokansa, duk suna da tushe.

Inda malamai suka yi saɓani shi ne keɓe rana kamar sadakar uku, bakwai da arba'in. Wasu gidaje suna yi, wasu sun bari. Kada wannan saɓani ya raba zumunci a gidan da ake kuka. Abin da babu gardama a kansa shi ne haramcin kururuwa da yaga tufa, da kuma cinye dukiyar marayu da sunan yi wa ubansu sadaka.

Kakana yana raye, amma ko an taɓo maganar yaƙi sai ya yi shiru. Yaya zan yi?

Ka bar shi da shirunsa tukuna, ka riƙa zuwa. Zumunta a ƙafa take. Ka zauna lokacin shan jabana, wato gahawa, ka zuba masa, ka yi masa hirar gona da farashin dawa. Mutumin da ya shekara talatin ba a tambaye shi ba ba zai buɗe cikinsa rana ɗaya don ka zo da waya a hannu ba.

Idan lokaci ya yi, fara da abin da ba ya ciwo. "Kaka, a wane gari kuka yi horo?" "Wa ya raka ku tashar jirgi ranar da kuka tafi?" "Me kuke ci a can?" "Nawa ne albashinku na farko, me kuka saya wa Inna da shi?" Irin waɗannan ne ke sa dattijo ya gyara zama. Daga abinci sai ya tuna wanda suke ci a kwano ɗaya, daga nan sai sunan abokin da bai dawo ba ya fito da kansa.

Tambaya ɗaya ce nake roƙon kowa ya haɗiye: "Mutum nawa kuka kashe?" Yara suna yin ta da zumuɗi, manya ma wani lokaci. Tana iya hana shi barci kwana da kwanaki. In ya ga dama ya faɗi abin da ya yi nauyi, saurara kawai. Kada ka yi masa wa'azi, kada ka yaba, kada ka katse shi. In hawaye ya zo, miƙa masa ruwa, ka bari ya gama. In kuma har ya koma ga Allah bai faɗi komai ba, zaman da kuka yi bai tafi a banza ba.

Me ya kamata in rubuta?

Cikakken sunansa har kaka na huɗu, yadda ake rubutawa a takardun Sudan, da laƙabin da ake kiransa da shi a gida da na bariki, don sukan bambanta. Lambarsa ta soja, wadda da yawansu ba sa mantawa ko da sun manta shekarunsu. Daf'arsa, wato rukunin da suka shiga tare, da rundunarsa, da muƙamin da ya sauka da shi, ombashi ne, shawish ne ko sol. Garuruwan da ya zauna da shekarun, ko da kintace ne irin "shekarar da aka yi ambaliya". Raunukan jikinsa da inda ya same su. Sunayen abokansa.

Ka nemi izininsa kafin ka ɗauki muryarsa, ka kuma bar shi ya yi magana da harshen da ya zo masa, ko Hausa ko Larabci ko gauraye. Kada ka gyara masa. Jikokinsa za su so jin yadda yake furta kalma fiye da yadda za su so tsararren labari.

Kada a manta da matarsa. Ita ce ta san shekarun da albashi bai iso ba, da yadda ta riƙe yara da tuyar ƙosai ko sayar da agashe da gyaɗa, da ranar da aka aiko cewa ya rasu, daga baya ya shigo gida da ƙafarsa. Rabin tarihin soja yana bakin matarsa, kuma shi ne rabin da aka fi bari ya tafi kabari.

Takardunmu da hotuna sun salwanta lokacin gudu. Akwai sauran dabara?

Akwai. Wannan ya sami gidaje da yawa, daga rikicin Shuɗin Nilu na Yuli 2022, zuwa faɗuwar Madani a Disamba 2023, zuwa shigar yaƙi Sinja da Dindir a tsakiyar 2024. Mutane sun fita da kayan jikinsu. Amma hoton da ya ƙone a gidanku sau da yawa akwai kwafinsa a gidan gwaggo a Kasala, ko a wayar wani ɗan'uwa a Jidda. Ku yi cigiya a zauren WhatsApp na dangi. Ku nemi 'yan daf'arsa, domin hoton rukuni kowa da nasa. Abin da aka samu a ɗauke shi da waya, a aika wa mutum uku a garuruwa uku, ɗaya a wajen ƙasa in da hali.

Abin da ba a samu ba a rubuta shi daga bakin dattawa biyu ko uku, a sa kwanan wata da sunayen waɗanda suka faɗa. Ga mu Hausawan Sudan wannan yana da wani amfani na daban. Mun sha jin ana tambayar asalinmu a ƙasar da kakanninmu suka noma, suka kuma zubar da jini dominta. Lambar sojan kaka da sunan rundunarsa amsa ce da ba ta buƙatar ɗaga murya.

Kakanmu ya yi yaƙin Hitila a ƙarƙashin Turawa. A ina za mu nemi sunansa? Kuma ba abin kunya ba ne?

In ya rasu a fagen daga, a duba rajistar hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda ke buɗe kyauta a intanet. Tana kula da maƙabartar yaƙi a Khartum, da ta Karan, da ta Taukkyan kusa da Yangon a ƙasar Bama, inda aka zana sunayen sojojin Afirka ta Yamma da yawa a jikin ginshiƙai. A gwada rubutun sunan ta hanyoyi da dama, domin magatakardan Turawa sukan rubuta Mamman a wurin Muhammadu, kuma sukan sa sunan gari a matsayin sunan uba, irin su Audu Kano ko Garba Sakkwato.

Mai yiwuwa ba za ku same shi ba. Ita kanta hukumar ta amsa a wani rahoto na Afrilu 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 daga Afirka da Asiya da Gabas ta Tsakiya da suka mutu a yaƙin duniya na farko ba a rubuta sunayensu ba, kuma adadin yana iya kaiwa 350,000. Wanda ya karanta wannan zai gane dalilin da nake cewa a rubuta a gida.

Maganar kunya kuwa, ban ga wurinta ba. Wasu sarakunansu ne suka ba da su, wasu yunwa ce ta kai su, wasu ƙuruciya. Ana iya ƙin mulkin mallaka ƙi na gaskiya, a kuma yi wa kaka addu'a da zuciya ɗaya.

Za mu iya kiransa shahidi?

Muna yi masa fata, muna cewa "Allah Ya karɓi shahadarsa". Yanke hukunci kuwa na Allah ne, domin Shi kaɗai Ya san niyya. Imamu Buhari ya ware babi guda a kan cewa ba a yanke wa wani mutum shahada kai tsaye.

Akwai abin da ya fi laƙabin muhimmanci. Ya tabbata a hadisi cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Saboda haka tun ana zaman makoki a yi shela: duk mai binsa ya zo. Mai kanti, abokin da ya ranta masa kuɗin mota, adashin da bai gama zubi ba. Wanda ya biya masa bashin fam dubu kaɗan ya yi masa abin da babban allo mai hotonsa a bakin titi ba zai yi masa ba.

Ya halatta in sa hotonsa a Facebook?

Tambayi mahaifiyarsa da matarsa tukuna. Kada su fara jin rasuwarsa daga waya. Kada a sa hoton gawa ko na rauni, ko da wani ya riga ya yaɗa. Kuma muddin ana yaƙi, kada a rubuta rundunarsa, inda ya faɗi, ko unguwar da iyalinsa suke, domin an cutar da mutane ta wannan hanya.

An ɗage firash, wato zaman makoki ya ƙare, baƙi sun watse. Me matarsa ke buƙata daga gare mu?

A nan ne ake gane masu tunawa na gaskiya. Kwana uku gida cike yake, ana zagayawa da kashif, wato takardar sunaye, kowa yana rubuta gudummawarsa. A kwana na goma sai ka tarar da ita ita kaɗai da yara, ga takaba ta wata 4 da kwana 10 a gabanta, ko har ta haihu in tana da ciki.

Lokacin da labarin rasuwar Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya iso daga Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya same su. Maƙwabta su raba kwanaki a tsakaninsu har takaba ta ƙare. Wannan gida Litinin, wancan Alhamis. Mata su riƙa shiga suna zama da ita ko ba su kawo komai ba.

Sai maganar takardu, wadda ke gajiyar da mai ƙarfi ma. Ana buƙatar shaidar rasuwa daga rundunarsa, da i'ilamin shari'a daga kotu mai bayyana magada, da lambar ƙasa ta matar da ta kowane yaro, kafin a fara bin ma'ash, wato fansho, da sauran haƙƙoƙi. Akwai kuma Munazzamat al-Shahid, ƙungiyar kula da iyalan shahidai, da Diwanin Zakka, hukumar zakka ta Sudan, da ake kai buƙatun irin waɗannan iyalai. A zaɓi namiji ɗaya amintacce a dangi ya ɗauki wannan zirga-zirga, ya riƙa nuna mata kowace takarda, kuɗin kuma ya shiga asusunta, ba nasa ba.

Zan faɗi wata magana mai ɗaci. Sau da yawa wanda ke cutar matar soja ba baƙo ba ne. Wa ne ko ƙane da ya ce "bari in riƙe wa yara", ya riƙe har abada. Allah Ya yanka mata tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, bayan an biya bashi da wasiyya. Dattawan unguwa da limami su tsaya a yi rabon a rubuce, a gaban shaidu.

Ɗanmu ya ɓace. Ba gawa, ba labari. Mu yi makoki ko mu jira?

Wannan ya fi mutuwa wahala, kuma gidajen da ke cikinsa su ne aka fi mantawa, domin babu ranar da za a je musu gaisuwa. Ku kai rahoto ga rundunarsa, ku kuma rubuta sunansa a ofishin ƙungiyar Red Cross ta duniya ko Hilal Ahmar ta Sudan, waɗanda ke aikin neman ɓatattu da fursunonin yaƙi. Ku yi hattara da masu bugo waya suna cewa yana hannunsu, a turo kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya. Ku nemi jin muryarsa, ku yi masa tambayar da shi kaɗai ya san amsarta.

Game da aurensa da gadonsa, ba dangi ke yanke hukunci ba, alƙali ne. A mazhabar Malikiyya sanannen wa'adi ga matar wanda ya ɓace shi ne shekara 4 daga ranar da ta kai ƙara, sannan ta yi idda, amma wanda ya ɓace a fagen yaƙi yana da nasa bayani daban. Kada a matsa mata ta yi aure, kada kuma a ɗaure ta har tsufa. Ku kuwa maƙwabta, ku shiga ku ce, "Inna, ya muka ji da jira? Allah Ya bayyana shi." Wannan kalma tana da nauyi a wurin uwa.

Me za mu gaya wa 'ya'yansa ƙanana?

Gaskiya, daidai hankalinsu. Kada a ce ya yi tafiya, yaro ya shekara yana leƙen ƙofa. A ba su labarinsa na gida: yadda yake dariya, abincin da yake so, surar da ya fi karantawa. A ajiye wa kowane yaro wani abu nasa, agogo, hula ko carbi. Kada a ɗora wa yaro ɗan shekara bakwai nauyin ɗaukar fansa. Wanda ya biya masa kuɗin makaranta ya shiga cikin bushara da Annabi ya yi wa mai riƙon maraya, inda ya haɗa yatsunsa biyu.

Wanda ya dawo da ƙafa ɗaya, ko ya dawo ba ya barci fa?

Shi ma tsohon soja ne, ko da shekararsa 24. Mai firgita in ƙofa ta buga, mai faɗa ba dalili, mai zama shi kaɗai cikin duhu, ba lalacewa ya yi ba, kuma ba lallai aljanu ba ne. Ciwo ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, yana da magani. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti. In ya fara maganar gajiya da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a nesanta makami daga ɗakinsa, a nemi likita a ranar.

Mai nakasa kuwa aiki yake so fiye da tausayi. A yi masa gayya a gonarsa lokacin shuka da girbi, a haɗa masa jari, a ba shi wuri a sahun gaba, a nemi shawararsa a taron unguwa.

Muna zaune a Saudiyya. Me za mu iya yi daga nesa?

Ƙaramin abu mai ɗorewa ya fi babban da za a yi sau ɗaya. Riyal 50 duk wata ga gida guda, a hannun matar kai tsaye, ya fi tarin kuɗin da za a aika ranar makoki a manta. Wanda ya riga ya yi tasa umara yana iya yi wa mamaci. Ku zama ma'ajiyar hotuna da muryoyin dangi. Ku kira dattijon da ke raye ku gaishe shi da sunan muƙaminsa, za ku ji yadda muryarsa ke canjawa.

A unguwarmu akwai gidaje biyu da 'ya'yansu suka mutu a ɓangarori masu gaba da juna. Mu je gaisuwa duka?

Ku je. Gaisuwar mutuwa haƙƙin mai rai ce, uwar kuma ba ita ta ɗauki bindiga ba. Zuwanku ba ya nufin kun wanke abin da aka aikata. Wanda aka zalunta yana da haƙƙin neman shari'a, kuma ba a tilasta masa yafiya ko zama a tabarmar wanda ya cuce shi. Amma an hana mu zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Marayun gidajen biyu makaranta ɗaya za su shiga, rijiya ɗaya za su sha. Abin da suka ji manya suna faɗa a kan iyayensu shi za su girma da shi.

Wace sadaka ce ta fi dacewa a yi da sunansa?

Wadda za ta daɗe ana amfana, kuma wadda iyalinsa za su iya ba tare da sun shiga bashi ba. Randunan sabil, wato ruwan sha na sadaka, a ƙofar gida, da wanda zai riƙa cika su kullum. Bishiyar darbejiya a harabar masallaci. Alluna da Alƙur'anai ga khalwar da ya yi karatu. Buhun dawa ko wake ga takiyyar unguwa, wato wurin dafa abincin sadaka, wadda a wannan yaƙi ta ciyar da mutanen da ba su da kowa. In dangi suna da yawa, su haɗa kuɗi su gyara famfon da ya lalace. Kafin duk wannan a duba tukunyar gidansa: in matarsa da 'ya'yansa ba su ci ba, sadakar ta fara daga kansu.